Na Dasa 40, Na Sare 2, Ina Laifina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maradi, ina zaune a unguwar Zariya. Ranar 3 ga Agustan da ya wuce na sayi dashe 40 da kuɗin aljihuna, dalbejiya da mangwaro, muka dasa a harabar makarantar da 'ya'yana ke karatu, har na ɗauki wani yaro ina biyan shi yana ba su ruwa. Bayan kaka sai buƙatar kuɗin rufin ɗaki ta taso mini. Na je gonarmu ta gado a wajen Tibiri na sa aka sare manyan gawo biyu, masassaƙa turmi da masu iccen wuta suka saya. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ke noma gonar, ya yi fushi, tun ranar bai sake ɗaga wayata ba. Uwargidana ma ta goyi bayansa. Ni kuwa lissafina shi ne, 40 a cire 2 saura 38, kuma na ji malamai na karanta cewa kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana. Don Allah Baba, ina laifina?

Wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya saka maka da alheri a kan dashen nan 40. Ba kowa ne zai ciro kuɗinsa ya sayi icce don 'ya'yan wasu su sha inuwa ba, balle ya biya mai ban ruwa. Wannan ladanka ne, babu mai rage maka shi. Amma tunda ka tambaye ni, baffanka ya fi ka gaskiya, uwargidanka ma haka.

Mu fara da lissafin, tunda kai mutumin kasuwa ne. In wani ya shigo rumfarka da ƙyallaye 40 ya ce ka ba shi turmin atamfa biyu, wai don 40 ta fi 2 yawa, za ka miƙa masa? Dashen da ka sa a ƙasa cikin Agusta yanzu bai wuce gwiwarka ba. Gawon da ya isa a sassaƙa turmi da shi kuwa, wataƙila tun kana goye yake tsaye a gonar nan. Na yi sama da shekara 30 ina aikin malamin gona tsakanin Gidan Rumji, Madarunfa da Tasawa, na raba dashe da hannuna har ban san iyaka ba, kuma na koma wuraren cikin watan Afrilu na ga abin da ya rage. Akuya ta ci nata, gara ta ci nata, rana da iska sun gama da wasu, mai ban ruwa ya gaji. Tun 1975 muke dasa icce a ƙasar nan duk ranar 3 ga Agusta. Da duk abin da aka dasa ya rayu, da daga nan zuwa Dakoro ba za ka taka rana ba. Saboda haka 40 ɗinka alkawari ne tukuna, sai sun tsallake bazara biyu ko uku za a ƙirga su. Biyun da ka sare kuwa sun riga sun faɗi.

Kuma ba kowane icce ne gawo ba. Shi kaɗai ne a gonakinmu ke tafiya saɓanin 'yan'uwansa: da damina, lokacin da hatsi ke son rana, sai ya kaɗe ganyensa, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya, awaki da tumaki da shanu su taru ƙarƙashinsa su ci, su bar kashinsu a nan. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin abincin da muke sayen takin zamani dominsa. Duk manomin da ka tambaya zai nuna maka cewa zangarniyar da ke gindin gawo ta fi ta tsakiyar fili kauri. Shi ya sa dokar gandun daji ta sa shi cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini, shi ya sa kuma har yau a Damagaram ake ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan da suke yi wa mai sare gawo. Dalbejiya tana da inuwa, tana da magani, amma ba ta ciyar da gona.

To, a bar maganar yawa. Wa ya samu, wa ya rasa? Inuwar da ka dasa, 'yan makaranta a birni za su sha. Damman hatsin da za su ragu, da abincin awakin da ya tafi, da wurin da tsoho ke zama ya sha fura in rana ta take, duk a kan baffanka suka faɗa. Wannan shi Bahaushe ke kira inuwar giginya, na nesa ka sha. Kyautar da ka yi wa wani ba ta biyan bashin da ka ci wa wani. Ko da kana da kaso a gonar, gado ne na tarayya, kuma shi ke zubar da gumi a cikinta. Ban ga inda ka ce ka nemi shawararsa ba kafin gatari ya sauka. Ina zaton rashin shawarar nan ya fi yi masa ciwo a kan itatuwan.

Ayar da ka ambata tana cikin Suratu Hud, aya ta 114, kuma gaskiya ce. Sai dai dubi yadda ta sauka. Wani mutum ne ya aikata kuskure, abin ya dame shi, ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin nadama. Laifin ne a gaba, nadama ta biyo, aikin alheri ya zo ya wanke. Kai kuwa juya tsarin ka yi: ka sa alherin a gaba kamar kuɗin ajiya, sannan ka zo kana cira. Kuma abin da muka koya tun muna zaure shi ne, haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da nafila, sai an biya ko an yafe. Ka tuna hadisin matsiyacin ranar alƙiyama da ke cikin Muslim, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗiban ladansa ana ba su har ya ƙare. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud mai tsoratarwa a kan wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta ba da haƙƙi ba. Ka kai maganar wurin limamin unguwarku, ina sa ran abin da zai faɗa maka ke nan.

Yanzu ga tambayar da nake so ka kwana da ita. Gonar nan ta daɗe a hannunku, buƙatar kuɗi kuma ba bana ta fara zuwar maka ba. Me ya sa ba ka taɓa sare gawon ba sai a shekarar da ka dasa 40? Da ba ka yi dashen nan ba, anya hannunka zai iya nuna wa mai gatari gindin iccen da mahaifinka ya bari?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan, har suna da sunan da suke kiran shi. In za a faɗa da Hausa, shi ne mutum ya yankar wa kansa lasisin ɓarna da aikin kirkin da ya yi. Wasu masana biyu a Amurka, Benoît Monin da Dale Miller, su suka fito da maganar fili a 2001. A 2010 kuma Nina Mazar da Chen-Bo Zhong na Jami'ar Toronto a Kanada suka jarraba ta a kan sha'anin muhalli. Suka sa ɗalibai sayayya a kanti ta kwamfuta, wasu a kantin kayan da ba su cutar da muhalli, wasu a kantin kaya na yau da kullum. Bayan nan aka ba su kuɗi su raba da wani, aka kuma ba su wani aiki da za su iya yin ƙarya a ciki su ƙara samun kuɗi. Waɗanda suka sayi kayan kirkin sai suka fi rowa, suka fi ƙarya, suka fi ɗiban abin da ba nasu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda aka nuna wa kayan kawai ba su saya ba, su kyautatawa suka ƙara. Ganin alheri ya tuna musu da alheri, aikata shi kuma ya sa suka ji sun sauke nauyi. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa wasu masana a ƙasar Cek sun maimaita wannan gwaji a 2019 ba su samu sakamako iri ɗaya ba. Amma a 2015 masana a Holan sun tattara gwaje-gwaje 91 a kan wannan hali, suka ga yana nan, sai dai ƙarfinsa matsakaici ne, ba kowa yake kamawa ba, ba kuma kullum ba.

Ni ban buƙaci Toronto ba kafin in yarda, don ya taɓa kama ni. Wata shekara na jagoranci dashen itatuwa a masallacin unguwarmu da bakin hanya, aka yi ta sa mini albarka bayan sallar Juma'a. A cikin watannin nan na gyara makewayin gidana. Maimakon in haƙa ramin da ruwan wanka zai riƙa shigewa, sai na huda katanga na sake shi cikin lungu. Ruwan ya riƙa taruwa daidai ƙofar wata maƙwabciyata, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a nan don ta ciyar da marayunta. Masu saye suka ragu saboda wari da caɓi, sauro ya samu gida. Sau biyu tana aiko ɗanta da magana mai laushi. Abin da nake faɗa wa kaina a lokacin ina tunawa da shi sarai: ni da na cika unguwar nan da inuwa, ai ba za a ce ina ɓata ta ba. Damina biyu ruwan nan yana kwarara. Sai da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta zo daga ƙauye ta ga wurin, ta ƙi cin abincin gidana ranar, ta ce ba za ta ci tuwon gidan da ke zubar wa marayu ƙazanta ba. Ramin da na ƙi haƙawa shekara biyu, kwana uku ya ɗauka. Na je na nemi gafarar baiwar Allah nan, ta yafe, amma cinikin da ta rasa a damina biyu ban san yadda zan ƙirga shi ba, kuma har yau in na bi ta lungun sai na ji nauyi a ƙirjina. Malamanmu suna kiran tushen wannan ciwo ujubu, wato mutum ya riƙa kallon aikinsa yana jin daɗin kansa. Daga nan ne ido ke rufewa.

Abin da ke ba ni takaici a wasiƙarka, ɗana, shi ne daga Maradi ta fito, ƙasar da duniya ke zuwa koyon wannan darasi. A 1984, shekarar farin da ya bar rumbunanmu wayam, a garin nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, aka fitar da abin da ake kira Alkawarin Maradi. A daidai wannan zamani wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da muke sassabewa muna ƙonewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Mu malaman gona na lokacin, da aka koya mana cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, mun jima kafin mu sakko. Daga ƙauyuka irin su Ɗan Saga abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, har aka kiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Yawancin waɗannan itatuwa ba wanda ya dasa su. Hannu aka ɗauke daga kansu. Kuma manoman da suka riƙe abin, irin baffanka, ban taɓa jin ɗayansu yana ƙirga nawa ya bari don ya san nawa zai sare ba. Ya zama hali, kamar yadda ba ka ƙirga sau nawa ka faɗi gaskiya a kasuwa don ka samu damar ƙarya ɗaya.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka bar waya, ka ɗauki ƙafa ka tafi Tibiri, ka durƙusa gaban baffanka, kada ka ambaci dashe 40 ko sau ɗaya. Ka faɗa masa nawa ka karɓa, ka bar shi ya faɗi abin da yake ganin haƙƙinsa ne da na sauran magada, ka biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Kada a tone kututturan, kada a ƙone su. Gawo yakan yi toho daga kututture da kuma saiwa. In tohon ya fito ku bar uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ku kewaye su da ƙaya, baffanka ya fi ni sanin sauran. Ka kuma je wurin ma'aikatan gandun daji da kanka ka daidaita maganar izini, ya fi a zo a same ka. Dashen makaranta kuwa, yanzu ne suke buƙatarka. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa ka riƙa leƙawa da kanka duk mako. Ka gode wa uwargidanka, ba kowace mace ke iya faɗa wa miji gaskiya a kan kuɗin rufin ɗakin da ita ma za ta kwana a ciki ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ni malama ce a wata makarantar firamare a unguwar Bagalam. Mun kafa ƙungiyar tsafta, duk Asabar yara suna share harabar makaranta da bakin titi, muna ba ajin da ya fi ƙoƙari kyautar sabulu da alewa. Amma ran Litinin yaran da suka yi sharar su ne kan gaba wajen yar da ledar ruwa. Na yi wa ɗaya magana ya ce ai shi ya yi nasa ran Asabar. In daina kyautar ne?

Wata malama, Bagalam, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya yi wa aikinki albarka. Yaron nan ya faɗi da baki abin da manya ke ɓoyewa a zuci. Ciwonsa ɗaya da na mai tambayar farko, sai dai nasa ɗanye ne, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

An taɓa yin wani gwaji a wasu gidajen haya 154 kusa da birnin Boston na Amurka, aka buga sakamakon a 2013. Aka riƙa aika wa wasu daga cikinsu takarda duk mako ana nuna musu yawan ruwan da suka kashe. Sun rage ruwa da kashi 6 cikin 100, amma wutar lantarkin da suke sha ta ƙaru da kashi 5.6. Tufka da warwara ke nan. Wasu masana biyu kuma, Ayelet Fishbach da Ravi Dhar, sun nuna a 2005 cewa abin ya danganta da yadda mutum ya fassara aikinsa. In ya ɗauke shi a matsayin wani kaso da ya sauke, sai ya saki jiki. In ya ɗauke shi a matsayin shaidar abin da ya ɗaura wa kansa, sai ya ƙara riƙewa. Kyautarki ta Asabar, ba da niyyarki ba, tana koya wa yaran fassarar farko: an yi aiki, an biya, an tashi kasuwa.

Ba sai kin daina ba, ki sauya abin da ake ba kyautar dominsa. A ba ajin da aka samu ƙofarsa babu leda ran Laraba ko Alhamis, a ranar da ba su san za a duba ba. Ki kuma sauya yabon. Maimakon "kun yi ƙoƙari yau", ki riƙa ce musu "ku 'yan ajin nan ba ku zubar da shara", har su ji kunyar karya sunan. Ki haɗa musu da abin da suka riga suka sani daga makarantar allo, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to mai jefa shi fa? Ki kai su su ga magudanar ruwan da leda ta toshe, su da suka ga ambaliyar 2024 da idonsu, wadda jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. In akwai mahauci cikin iyayen yara, ki roƙe shi ya zo ya faɗa musu abin da yake cirowa daga tumbin tumaki. Tun 2014 aka yi dokar hana leda marar kauri a ƙasar nan, kin kuma ga yadda take rataye a kan kowace ƙaya, saboda haka kada ki jira doka ta yi miki aikin.

Abu na ƙarshe, yaro ba zai riƙe leda a hannu har gida ba. Ki sa kwando ko rabin tano a ƙofar kowane aji da kuma wurin masu sayar da ruwa da awara a bakin makaranta, ki naɗa yaron nan da ya ba ki amsa ya zama mai kula da na ajinsu. Ki rubuto mini bayan wata biyu in ji yadda ya kasance.